Ƙyandar Nafisa, Sunan Inna Dije

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sani, wanda mutanen garinmu suke kira Dakta. Tun da ya rasu ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. In lokacin ya zagayo, addu'a nake yi masa, in dafa ɗan abin sadaka in raba wa maƙwabta, in ja bakina in yi shiru. Bana ne shirun ya gagare ni, kuma ga dalili.

A watan jiya wata Hajiya ta taso tun daga Garun Mallam ta yi sallama a gidana. Ban san ta ba. Ɗan ƙaninta ne yake neman wata yarinya mai suna Zulai a wani ƙauye da ke wajen Bunkure, magana har ta yi nisa, sai aka turo ta bincike kamar yadda aka saba. A wurin binciken ne wani ya raɗa mata cewa kakar yarinyar ta wajen uwa, Inna Dije, a garinmu take zaune a da, kuma a kan wata 'yar gidanmu ta bar garin. Hajiya ta sha ruwa, ta gyara mayafi, ba ta yi wani kwana-kwana ba.

"Malama, an ce ke ba kya ɓoye gaskiya. Tsohuwar nan, mayya ce ko ba mayya ba ce?"

Kowa ya san abin da ke bayan wannan tambaya. A wurinmu ana cewa a nono ake shan maita, daga uwa zuwa 'ya, daga 'ya zuwa jika. Auren Zulai ke nan aka ɗora a kan harshena. Ni kuwa a ranar babu wanda na so gani a tsakar gidana kamar Yaya Sani, domin shi ya san amsar tun daga tushe, kuma ya yi ta faɗar ta har ya koma ga Allah ba a saurare shi ba.

Mu uku ne wurin iyayenmu. Yaya Garba ne babba, shi ya gaji gona, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani, ƙafarsa kullum cikin taɓon bakin kanal ɗin ban ruwa. Sai Yaya Sani, sai ni Binta, autarsu, da nake koyarwa a Islamiyyar garinmu. Yaya Sani tun yana ƙarami ba shi da wani amfani a gona. In aka tura shi ban ruwa sai a tarar da shi a tsugune yana kallon tsutsa, ruwa ya cika fangali ya ɓalle ya shiga gonar maƙwabci. Boko ta ɗauke shi ta kai shi Kano, ta kai shi ƙasar waje, ta dawo mana da shi da tabarau da sanƙo tun bai yi furfura ba, yana koyarwa a jami'a. Da mutane suka ji ana ce masa Dakta, shi ke nan. Duk Sallah in ya zo gida, zaure cika yake da masu kumburin ƙafa da masu ciwon baya. Ya yi bayani har ya gaji cewa shi ba likitan asibiti ba ne, amma ina, sai ya duba ƙafar ya ce a je asibitin Kura sannan a tashi.

Wata rana mahaifiyarmu, Iya, ta tsare shi ta ce ya gaya mata aikin da yake yi, tunda dai ba ya allura ba ya ba da magani. Ya ce yana binciken yadda ƙwayar cuta take shiga cikin jikin mutum.

"Shiga kawai? To fitar fa?"

"Wannan aikin wasu ne, Iya."

"Allah ya kyauta," in ji ta. "Shekara da shekaru kana karatu, ashe rabin aikin ka koyo."

Ya yi dariya har da ƙwalla. Sannan ya ce in kawo masa kwanon ruwa da man gyaɗa. Ya ɗiga mai sau biyu a kan ruwan, ɗigo nan, ɗigo can, ya sa tsinke yana tura ɗaya wajen ɗaya. Suka matso, suka taɓa juna, suka tsaya kamar masu jin kunya, can sai ga su sun zama ɗigo ɗaya babba. Ya ce to abin da yake kallo ke nan safe da yamma.

Yadda na fahimta a bakinsa shi ne, jikin mutum tarin wasu ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowanne a naɗe cikin siririn tantani na maiƙo. Ita ma ƙwayar cuta irin ta ƙyanda ko ta mura tana da nata tantanin na maiƙo. Ba huda ɗakin take yi ta shiga ba. A bayanta akwai wasu ƙayoyi na wani sinadari da ake kira furotin, gindinsu a dashe cikin tantaninta. In ta samu ɗakin da ya dace da ita, sai ƙayar ta miƙe ta soka kanta cikin tantanin ɗakin, sannan ta lanƙwashe ta ninku biyu, ta yi ta ja har kai da gindi su haɗu a wuri ɗaya. Da sun haɗu, tantani biyu ya zama ɗaya, ƙofa ta buɗe, abin da ke cikin ƙwayar ya zube cikin ɗakin. Ƙaya ɗaya ba ta iya wannan aiki ita kaɗai, sai wasu sun taru sun ja tare. Shi abin da ya hana shi sakat shi ne abin da ke faruwa can cikin maiƙon, yadda kan ƙayar da gindinta suke gane juna su riƙe, da yadda ƙayoyin suke haɗa kai. Ya ce duk ranar da aka gane wannan sosai, za a iya sa musu tsinke a tsakani su kasa haɗuwa. A lokacin na ɗauke shi hira ce ta bayan cin tuwo.

Nafisa 'yar Yaya Garba ce. Tana jaririya, ba ta kai watannin da ake yin rigakafin ƙyanda ba, cutar ta ratsa garinmu da bazara ta kama ta. Uwarta a lokacin ita ma tana kwance, don haka Inna Dije ce ta yi jinyar. Inna Dije maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, sana'arta turara shanshera, wato shinkafar da ba a sheme ba. Manoma suna kawo mata buhunansu ta jiƙa, ta turara a duro, ta shanya, sannan a kai inji. Ita ta goya Nafisa a bayanta tana juya shanshera a rana har ƙurajen suka bushe. Yarinya ta warke sarai, kowa ya manta. Amma tun daga nan rabin rayuwarta a gidan Inna Dije ta yi. Can take cin ƙanzo, can ake mata kitso, in an dake ta a gida can take kai ƙara.

A ajina take a Islamiyya, don haka ni na fara lura. Yarinyar da in na biya aya sau biyu ta riƙe, sai ga ta tana tsayawa a tsakiyar surar da ta haddace tun bara, tana kallona kamar yau ta fara jin ta. Daga nan sai yar da abu. Tana riƙe da kofi sai kanta ya gyaɗa, kafaɗunta su zabura, kofin ya faɗi. Bayan ɗan lokaci kaɗan ya sake. Ta fara faɗuwa a hanya, sau ɗaya har a bakin kanal, Allah ya sa akwai masu wankin babur a wurin. Aka ce iska ce. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi har bangon ɗakin ya yi baƙi. Abu sai gaba yake yi. Magana ta fara zubewa daga bakinta, yau ta rasa sunan cokali, gobe ta rasa sunan ƙaninta. Daga ƙarshe kalma biyu suka rage mata, kuma su take maimaitawa tun daga wayewar gari: Inna Dije, Inna Dije.

Wanda bai zauna a irin garuruwanmu ba zai ce to mene ne a ciki, yarinya tana kiran wadda ta goya ta. A wurinmu ba haka ake fassara shi ba. In mara lafiya ya dage da kiran sunan wani wanda ba jininsa ba, cewa ake yi yana ganin wanda ya kama masa kurwa. Maganar ta fara a wurin ɗiban ruwa, ta shiga gidan suna, ta fito ta zauna a majalisar maza.

Yaya Sani ya zo ya zauna a gefen tabarmarta, ya daɗe yana kallon yadda take zabura. Tambaya ɗaya ya yi wa Yaya Garba, ko ta taɓa yin ƙyanda tana jaririya. Da aka ce masa e, na ga fuskarsa ta canza. Ya ɗauke ta a motarsa zuwa wani babban asibiti a Kano, ni na raka su. Aka manna mata wayoyi a kai, aka ɗebi ruwan bayanta aka gwada. Ranar da sakamako ya fito, muna kan hanyar dawowa, mun wuce Kumbotso, ya gangara gefen titi ya kashe mota. Nafisa tana barci a cinyata.

"Binta," ya ce, "abin da na ƙare ƙuruciyata ina kallo a cikin kwalba, shi ne a cikin kan yarinyar nan. Kuma ba ni da abin da zan yi mata."

Ya ce a cikin yara masu ɗimbin yawa da suke yin ƙyanda su warke, akan samu ɗaiɗaiku, musamman waɗanda ta kama suna jarirai, da cutar ba ta fita duka. Wani ɓangare yakan maƙale a ƙwaƙwalwa ya yi shiru shekaru. A can ƙayar nan tata takan canza, ta zama mai saurin ɗanawa, ba ta jiran sai ta samu irin ƙofar da ta saba. Kuma ƙwayar ba ta ƙara fitowa fili inda garkuwar jiki za ta gan ta. Sai dai ta haɗa tantanin wannan ɗaki da na kusa da shi ta zarce, kamar yadda mai ban ruwa yake fasa kunyar da ke tsakanin fangali da fangali, ruwa ya wuce ba tare da ya koma kanal ba. Haka take bin ƙwaƙwalwa ɗaki bayan ɗaki, tana kashe karatu, tana kashe tafiya, tana kashe magana. Na tambaye shi dalilin da ya sa take kiran Inna Dije. Ya ce abin da aka fi faɗa, aka fi so, shi yake daɗewa bai goge ba.

Wannan bayanin ya kai wa maza a zauren Yaya Garba bayan la'asar. Ina daga ciki ina ji. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ya kawo misalin fangali, suka gyaɗa kai, tunda wannan sun san shi. Da ya gama sai wani dattijo ya gyara murya.

"Dakta, ƙyandar da muka ga ta warke da idonmu? Duk shekarun nan tana ina?"

"Tana ciki, Baba, a kwance."

"To, mun ji. Wa ya tashe ta?"

Kowa ya san inda tambayar ta dosa. Yayana kuwa, da yake bai iya faɗin abin da bai tabbatar ba, sai ya ce, "Wannan har yanzu masu bincike ba su gama ganowa ba." Na ji kamar in fito in toshe masa baki. Gaskiya ya faɗa, amma a wannan zauren ba a buƙatar rami mai girma kafin a tura mutum ciki. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ban san da wa nake fushi ba, da shi ko da su.

Daga nan mata suka ce sai Inna Dije ta tsallaka yarinyar. Al'ada ce: wadda ake zargi ta tsallaka mara lafiya, wai in ita ta kama kurwar, ta sake ta ke nan. Liman ya hana, ya ce zalunci ne kuma zato ne mai kai mutum wuta. Aka ce masa to, Allah gafarta Malam, aka fito aka ci gaba da shiri. Yaya Sani ya shiga gidan Inna Dije, na bi shi. Muka same ta tana kwashe shanshera daga duro, tururi ya rufe mata fuska. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya roƙe ta kada ta je. Ya ce wannan cuta takan ɗan lafa wani lokaci don kanta kafin ta dawo. In lafawar ta zo bayan ta tsallaka, za a ce ga shi ta saki. In ba ta zo ba, za a ce ta ƙi saki. Ko ta ina aka juya, ita za a kama.

Ta ajiye kwaryar hannunta ta dube shi. Ita ba ta taɓa ce masa Dakta ba.

"Sani, na ji ka, kuma na san don ni kake faɗa. Amma a bayan nan nawa ta yi ƙyandar. In akwai sauƙi ko kamar ƙwayar gero a cikin tsallakawar nan, ka bar ni in tsallaka. Sunana ai ba ya jin ciwo, ita ce take ji."

Da hantsi aka yi. An shimfiɗa Nafisa a tabarma a tsakar gida, mata sun kewaye, wasu a kan katanga. Inna Dije ta shigo da sallama, babu wadda ta amsa sai ni da Iya. Ta tattare bakin zaninta, ta yi bismillah, ta tsallaka. Da Nafisa ta ji muryarta sai ta juyo da kai tana murmushi, abin da ta daɗe ba ta yi wa kowa ba. Wata daga kan katanga ta ce, "Kun gani ko?"

Sai abin da Yaya Sani ya ji tsoro ya faru. Cikin 'yan kwanaki zaburar ta ragu. Nafisa ta haɗiye kunu ba tare da ya dawo ba, har ta riƙe kofi da hannunta. Uwarta ta yi ta kuka don murna, wa zai ga laifinta? Aka yi ta shigowa barka. Yaya Sani ya zo ya gan ta zaune an tokare ta da matashi, ya shafa kanta, ya fita ya shiga mota ya kifa kai a kan sitiyari. Yana son yarinyar kamar ransa, ga shi ta samu sauƙi, ga shi kuma ya san abin da sauƙin zai jawo da inda zai ƙare. Ban taɓa ganin mutum a irin wannan tsaka mai wuya ba.

Ba a daɗe ba cutar ta dawo, ta fi da. Aka ce tsohuwa ta sake kamawa don haushin an tona ta. Babu wanda ya dake ta, babu wanda ya ƙona mata ɗaki, mutanenmu ba su kai nan ba. Abin da suka yi ya fi wannan sanyi. Aka daina kawo mata shanshera. In yaro ya doshi ƙofarta sai a ƙwala masa kira. In ta shiga gidan biki, uwa ta jawo ɗanta ta rufe da mayafi. Duronta ya yi tsatsa a inda yake. Wata safiya ta ɗaure kayanta a Keke mai ƙafa uku ta koma wurin 'yarta, uwar Zulai, a wajen Bunkure. Nafisa ta ci gaba da kiranta ta kan katanga har muryar ta ɗauke. Da damina ta rasu.

Yaya Sani ya ce sai ya dawo da Inna Dije ɗakinta. Ya bi gida-gida, ya zauna da mai unguwa, ya zauna da Yaya Garba har suka yi kwanaki ba sa magana. Kowa sai ya ce masa ai shi bai ce ita ce ba, mutane ne suke faɗa. Ya rasa mutum ɗaya da zai kama ya yi gardama da shi. Shekarar da ta biyo baya ciwon hanta ya kwantar da shi, bai yi doguwar jinya ba. A asibiti, ranar da na kai masa kunun gyaɗa ya kasa sha, ya ce mini ya tsaya a gaban manyan masana a ƙasashe ya yi bayani sun tafa masa, amma ya kasa samun Hausar da zai fahimtar da zauren gidansu. Na ce masa ba Hausarsa ce ta gaza ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Bayan rasuwarsa korona ta zo, sai ga hoton ƙwayar cuta da ƙayoyinta a wayar kowa, har masu tallan tumatir a bakin titin Zariya. Abin da Iya take masa tsiya a kai, shi duniya duka ta zauna tana magana a kansa, kuma na ji an ce a kan ƙayar nan aka gina rigakafin. Na san da yana nan da ya cika mu da bayani har mu gudu. Wani ɗalibinsa da yakan zo gaishe mu ya ce har yanzu ana karanta rubuce-rubucensa a wuraren da ni ban san sunansu ba. Na yarda, kuma ina alfahari. A garinmu ma wani abu ya motsa. Yaya Garba, wanda a da sai an yi da gaske yake barin masu rigakafi su shiga gidansa, yanzu shi yake ɗora jikokinsa a babur ya kai su da kansa, kuma in uwar yaro ta yi sakaci da ranar, ranta zai ɓaci. Ya yarda ƙyanda ce ta kashe masa 'ya. Amma ko sau ɗaya bai taɓa buɗe baki ya ce ba Inna Dije ba ce. Abubuwan biyu suna zaune a zuciyarsa gefe da gefe, babu wanda ya kori wani. Ina jin wannan ne zai fi ba Yaya Sani mamaki, kuma shi zai fi ƙona masa rai.

Duk wannan na zayyana wa Hajiyar Garun Mallam. Na rantse mata da Allah. Har kwanon ruwa da man gyaɗa na ɗauko, ina tura ɗigo da tsinke, tana kallona kamar wadda ta fara tsibbu. Mace ce mai hankali, ba ta katse ni ba. Da na gama ta nisa.

"Malama, wallahi na yarda da ke. Ni a raina ƙyanda ce. To amma kin san mutane. Gobe in yarinyar nan ta shigo gidanmu, ɗan wani ya yi zazzaɓi, me za a ce? Mu ba mu ce ita ce ba. An dai faɗa."

Na raka ta bakin titi. Bayan mako biyu labari ya iso ni cewa sun aiko a mayar musu da kayansu, wai an duba an ga auren ba alheri.

Na zauna na auna abin da ya rage na yayana a duniya. Akwai takardunsa da ake karantawa a nesa. Akwai jikokin Yaya Garba da ba za su yi ƙyanda ba in Allah ya so. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Amma abu ɗaya da ya sa a gaba a shekararsa ta ƙarshe, wanke sunan tsohuwar nan, bai samu ba, ni ma da ya bar wa ban samu ba. Ya san yadda cuta take ratsa tantani ta shiga inda ba a gayyace ta ba. Yadda gaskiya za ta shiga kunnen wanda ya riga ya ji an faɗa, wannan ya tafi bai gano ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na shirya na tafi ƙauyen da Inna Dije take, na ɗauki jikata mai rarrafe don uwarta ta je asibiti. Zulai ce ta amsa sallamata. Doguwar yarinya mai kunya, idanunta a kumbure, ta shimfiɗa mini tabarma ta shige ɗaki ba ta sake fitowa ba. Inna Dije tana zaune a gindin bango. Ta tsufa ƙwarai, ganinta ya yi rauni, amma da na yi magana ta gane ni. Ta tambayi kowa da sunansa, har Yaya Garba, har matan da suka hau katanga. Ba ta ambaci maganar auren ba, ni ma na kasa.

Da na ce mata bana Yaya Sani shekara bakwai da rasuwa, ta ɗaga hannu ta yi masa doguwar addu'a. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce bayan an daina cin abincinta a gari, duk zuwan da zai yi sai ya aika a ce ta zubo masa tuwo, ya zauna a dakalin ƙofar gidanta inda masu wucewa za su gan shi, ya cinye tas ya sha ruwan randarta. Ta ce ita ba ta gane bayanin ƙayoyinsa ba ko kaɗan, amma wannan ta gane.

Muna cikin haka jikata ta sauka daga cinyata ta rarrafa ta nufe ta. Ta kama bakin zaninta ta miƙe tsaye tana dariya, tana miƙa hannu a ɗauke ta. Na ga hannayen Inna Dije sun taso da kansu, sun kai rabin hanya. Sai ta mayar da su baya ta zauna a kansu.

"Ɗauke ta, Binta," ta ce. "Don Allah ɗauke ta. Kar ta saba da ni, kar ta koyi sunana."

Na ɗauke ta. Yarinyar ta yi ta kuka tana miƙa hannu har muka fita daga gidan.